Wa Ke Amsa wa Jariri? Sharhi kan Raino da Ginuwar Ƙwaƙwalwa

Wannan sharhi na jama'a masu sauraro ne, musamman iyaye mata da kakanni da magidanta na ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama da Lakwaya har zuwa Garo da Gude da Durun. Sharhin yau ya shafi wani al'amari da ke gudana kullum a kowane tsakar gida ba tare da an ɗauke shi a bakin komai ba, wato abin da ke shiga tsakanin jariri da mai rainonsa a shekarun farko, da abin da masu bincike suka gano game da tasirinsa a kan ƙwaƙwalwa. Magana ɗaya sharhin zai riƙe, kuma za a yi ta dawowa kanta: ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne da amsar da yake samu daga mutane. Saboda haka tambayar da ta hau kan kowane gida mai goyo ita ce, wa ke amsa wa wannan yaro?

Da farko, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin kan jariri. Ana haihuwar ɗan Adam da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta baligi ba, amma kafin ya cika shekara sai ta ninka, kuma kafin ya kai shekara 3 ta kusa kashi huɗu cikin biyar. Ƙwayoyin jijiya, wato ƙananan halittun da ke ɗaukar saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, akasarinsu da su ake zuwa duniya. Abin da ke ƙaruwa da gaggawa bayan haihuwa shi ne mahaɗarsu, wato wuraren da ƙwaya ɗaya ke miƙa saƙo ga 'yar'uwarta, har cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ƙiyasta cewa a wannan zango ana ƙulla sabbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Sai dai ba dukkansu ke ɗorewa ba. Lamarin ya yi kama da 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki zuwa rijiya: wadda ake bi kullum takan murje ta yi faɗi, wadda aka daina bi kuwa damina ɗaya ta ishi ciyawa ta shafe ta. Mahaɗar da ake yawan aiki da ita tana ƙarfi, wadda aka bari ƙwaƙwalwa da kanta take share ta, kuma abin da yaro ke ji da gani da taɓawa shi ke zaɓar wadda za ta zauna.

Jariri kuwa a shirye yake zuwa. Tun yana ciki, a watannin ƙarshe, yake jin sauti. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, sun nuna cewa jariran da ba su wuce kwana 3 da haihuwa ba suna sauya yanayin tsotsonsu domin a kunna musu muryar mahaifiyarsu maimakon ta wata mace. Ganinsa ma, ko da yake dishi-dishi ne a makonnin farko, ya fi kama abin da ke nisan da ke tsakanin nono da fuskar mai shayarwa.

Abu na biyu, masu sauraro, shi ne ma'anar ita kanta amsar. A ɗauki wankan safe. Uwa ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da ɗan wata 4 a kansu, ga robar ruwan ɗumi da soso da sabulu a gefe. Da ruwa ya taɓa cikinsa sai ya zabura, ya ware ido ya dubi fuskarta. Ta ɗaga gira ta ce masa, “Ruwa ne fa, ɗan albarka, ba zafi,” sannan ta yi shiru. Shi kuma ya buɗe baki ya saki wani sauti, ya harba ƙafa. Ta kwaikwayi sautin, ta kama ƙafar ta girgiza, ya ƙyalƙyale da dariya. Wannan ɗan abu da bai ɗauki minti ɗaya ba shi masana ke nufi da hulɗar karɓa-karɓa, kuma yana da gaɓa uku da ba sa rabuwa: babba ya lura da abin da jariri ya yi, ya mayar masa da abin da ya dace da shi tun bai manta ba, sannan ya dakata ya ba shi damar sake cewa nasa. Dakatawar nan ita aka fi yin sakaci da ita, alhali a cikinta ne yaro ke gane cewa motsinsa yana jawo wani abu a duniya, kuma a kan wannan ganewa ake ɗora magana da yarda da mutane da juriyar koyo.

To me zai faru idan amsar ta yanke? A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara mai suna Edward Tronick ya tsara wani gwaji a birnin Boston wanda har yau ake maimaita shi a ƙasashe da dama. Ana zaunar da jariri ɗan 'yan watanni yana fuskantar mahaifiyarsa suna wasa, sai a umarce ta ta sandare fuskarta na minti biyu ko uku, tana kallonsa amma ba murmushi, ba magana, ba motsi. Nan take yaron ke gane an samu sauyi. Ya yi mata murmushi, ya ɗaga hannu, ya yi ƙara, duk don ya dawo da ita, idan kuma bai samu ba sai ya kau da kai, ya banƙare, ya fashe da kuka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bugun zuciyarsa ma yakan sauya a wannan ɗan lokaci. Uwar tana nan a gabansa, ba yunwa yake ji ba, ba ciwo ke damunsa ba, amsa kawai aka hana shi.

Kada wannan ya tayar wa wata uwa hankali, domin gwajin yana da rabi na biyu. Da zarar ta saki fuska ta koma yi masa magana, yawancin jarirai sukan huce su dawo wasa. Tronick da abokan aikinsa sun kuma gano cewa ko a tsakanin uwa da ɗa masu lafiya, lokacin da suke dacewa da juna daidai bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, saura duk saɓani ne da gyarawa. Matar da ta bar goyonta yana kuka har ta sauke tukunya daga murhu, sannan ta zo ta ɗauke shi ta rarrashe shi, ba ta cutar da shi ba, ta ma koya masa cewa damuwa tana wucewa kuma akwai mai zuwa. Abin da ke yin illa shi ne shirun da ya zama ɗabi'ar gida, na wata da watanni.

An ga iyakar wannan illa a ƙasar Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Nicolae Ceauşescu a ƙarshen 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu na gwamnati, ana ba su abinci ana sauya musu tufafi, amma ma'aikaciya ɗaya ke kula da yara masu yawa, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Daga shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi diddigin yara 136 a Bukares, babban birnin ƙasar, inda aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda suka samu riƙo sun zarce waɗanda suka ci gaba da zama a gidan marayu wajen fahimta da magana da shaƙuwa da mutane, har na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna bambancin, kuma waɗanda aka ɗauka tun ba su cika shekara 2 ba su suka fi murmurewa.

Akwai kuma abin da ya shafi harshe. A 2018 Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard sun ɗauki sautin hirar gida ta yara masu shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari, suka tarar cewa abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin aikin sashen sarrafa magana shi ne yawan musayar zance tsakanin yaro da babba, fiye da yawan kalmomin da ake zubawa a kansa, kuma fiye da arzikin iyayensa. Tun kafin nan, a 2003, Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta haɗa jarirai 'yan wata 9 da ke gidajen masu jin Turanci da masu magana da Sinanci, suka riƙa zama suna yi musu wasa. Jariran suka koyi bambance sautukan Sinanci, amma waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin ba su koyi komai ba. Wannan darasi ne ga zamanin da ake miƙa wa ɗan goye waya don ya yi shiru. Waya tana magana, amma ba ta lura da yaro balle ta amsa masa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ɗora yaron da bai kai shekara 2 ba a kan kallon allo.

Yanzu sai a dawo gida, masu sauraro, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. An taɓa yin irin wannan bincike a ƙasar Hausa. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun wallafa sakamakon lura da suka yi da jarirai 18 a gidajen wani garin kasuwa na Hausawa a arewacin Nijeriya. Sun tarar cewa kowane jariri yana da masu kula da shi kimanin huɗu, cewa shayarwa da wanka galibi suna hannun uwa, amma ɗauka da wasa da rarrashi kowa na yi, kuma kowane yaro ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya. Abin da ya fi jan hankali shi ne, wanda yaro ya fi shaƙuwa da shi, wanda yake nema idan ya tsorata, shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko uwar ce ko ba ita ba. Yaran ba su da yawa, don haka ba za a yanke wa dukan ƙasar Hausa hukunci da su ba, amma sakamakon ya dace da abin da kowace tsohuwa a Gwarzo za ta iya shaida: yaro ya san mai amsa masa.

Wannan shi ke bayyana al'adar da baƙi suka daɗe suna mamakinta, wato kunyar ɗan fari. An san cewa a gidajen Hausawa da Fulani da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ɗokinsa, uba ma haka. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa mai suna Baba da ta tashi a yankin Zarewa, can kudu da Gwarzo a ƙasar Rogo ta yau, ya nuna yadda wannan kara take tafiya kafaɗa da kafaɗa da riƙo, ita kanta Baba ba ta haihu ba amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Wanda ya dubi kunyar ita kaɗai zai zaci an bar yaron a maraice. Amma al'adar ba ta tsaya nan ba. Mai cikin fari takan je goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego har arba'in, kuma a duk tsawon lokacin mahaifiyarta ko goggonta ce ke yi wa jariri wanka, ta gasa cibiya, ta yi masa tawai. Idan an dawo gidan miji ga uwar miji da facaloli da abokiyar zama. Ga kuma wasan kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta namiji maigidanta, macen kuma kishiyarta, ta tsokane shi, ta jira ya yi gwaranci, ta ce ya zage ta, gida ya kwashe da dariya. Wannan hulɗar karɓa-karɓa ce tsantsa, tun kafin a ba ta suna a jami'a. Al'ada ta ɗaure bakin uwa, amma ta sako bakin mutum uku ko huɗu a madadinta.

A nan ne damuwar take. Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, yana ta raguwa. Ana ƙara samun ango da amarya da ke tarewa a gidansu su kaɗai a bayan gari, ko a ɗakin haya a cikin Kano, maigida kuma ya tafi ci-rani Legas ko Abuja da zarar an kawar da amfanin gona. Yarinyar da ta yi haihuwar fari a irin wannan gida ta taho da kunyar da ta gani a wajen iyayenta, amma ba ta taho da kakar da ke cike gurbin ba. Idan ta riƙe karar yadda aka koya mata, babu wanda zai yi wa yaron magana daga fitowar rana har faɗuwarta. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, kunya ado ce a gaban surukai, kuma babu dalilin yaƙar ta, amma ba a taɓa shimfiɗa ta don yaro ya rasa mai amsa masa ba. Uwar da ke ita kaɗai da ɗanta a ɗaki ba ta da wanda za ta yi wa kara, kuma ya dace manyan mata su faɗa mata haka da bakinsu tun tana jego, domin daga gare su za ta fi karɓa.

Akwai kuma batun 'yar raino. Da kaka, lokacin yankan dawa da roron gyaɗa da sussuka, ko lokacin da masu noman rani ke kai-kawo a bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu, aikin mata yakan ninka, sai a saɓa wa yarinya 'yar shekara 7 ƙanenta a baya, a ɗaure da majanyi, ta fita ƙofar gida. Yayye suna da amfani ƙwarai ga ƙannensu, domin ba sa gajiya da wasa, amma yarinyar da ita ma take bukatar kulawa ba za ta gane bambancin kukan yunwa da na zazzaɓi ba, kuma hankalinta yana wajen 'yar gala-gala da ƙawayenta. Raino irin wannan yana kyau idan akwai babba a kusa da ke leƙawa, yana karɓar jaririn lokaci zuwa lokaci.

Wani mai sauraro zai ce, me za a gaya wa wanda bai san komai ba, ai sai a ɗauki mutum zararre. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan tunani ba. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a ƙasar Senegal, an tarar da iyaye suna guje wa yi wa jarirai magana da haɗa ido da su, wasu don tsoron iskoki, wasu don gudun a ce sun taɓu. Ƙungiyar Tostan ta shiga ƙauyukan da shirin wayar da kai wanda ya haɗa da limamai da dattawa, kuma binciken da Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop suka wallafa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda iyayen da suka shiga shirin sun ƙara yawan magana da 'ya'yansu sosai, yaran kuma sun fi takwarorinsu na sauran ƙauyuka yawan furuci. Mutanen ƙauye ne Musulmi manoma, masu rayuwa kusan irin ta Kabo, kuma ba a raba su da al'adarsu ba kafin a samu wannan sauyi.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa yawancin binciken farko a Amurka da Turai aka yi shi, inda jariri ke kwana a gadonsa shi kaɗai, don haka masu binciken suka fi ba kallon ido da magana muhimmanci. Goyo yana da tasa falala da ma'auninsu bai kama da kyau ba. Jaririn da ke bayan uwa yana jin ɗuminta da numfashinta da muryarta, kuma da ya motsa ta sani, ta jijjiga shi ko ta sauko da shi ta ba shi nono tun kukan bai yi nisa ba. Ita ma wannan amsa ce, ta jiki. Har likitocin zamani sun dawo kanta, domin tun 1978 aka fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya, kuma yau hanyar ta zama magani karɓaɓɓe a duniya. Iyakar goyo ita ce, wanda ke baya ba ya ganin fuska. Don haka lokutan da aka sauke shi, na shayarwa da wanka da shafa mai da ba da kunu, su ne damar ido da baki, kuma asara ce a bar su su wuce shiru.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan zamani na tsadar rayuwa: ina amfanin wasa ga yaron da bai ƙoshi ba? Tambaya ce ta gaskiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta, kuma abin da ya hana ƙashi tsawo yana taɓa ƙwaƙwalwa. Shirin tallafin da aka gudanar a wasu ƙananan hukumomin Jigawa da Zamfara daga 2014, wanda ya riƙa ba mace kuɗi duk wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara 2 tare da koyar da ciyarwa, ya rage tsumburewa a ƙauyukan da ya shiga. Abinci dai ba shi da madadi.

Amma akwai wani bincike daga Jamaika da ya kamata kowa ya ji. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure a unguwannin talakawa na birnin Kingston, suka kasa su gida huɗu: wasu aka ba su ƙarin madara, wasu aka riƙa tura ma'aikaciyar lafiya gidansu sau ɗaya a mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida, wasu aka haɗa musu duka biyun, saura kuma aka tsaya ga kulawar asibiti da aka saba. Bayan shekara 2 madarar ta yi amfani, wasan ma ya yi, waɗanda suka samu duka biyun kuma sun fi kowa. Da aka ci gaba da bin su sai amfanin madarar ya dusashe, na wasan ya zauna, har rahoton da ya fito a 2014 ya nuna cewa da suka kai kimanin shekara 22, waɗanda aka koya wa iyayensu wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na 'yan'uwansu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga wani abin lura kuma: yaro mai tamowa yakan yi sanyi, ba ya kuka sosai, ba ya neman wasa, sai a ce yana da haƙuri a ƙyale shi, alhali shi ya fi kowa bukatar a neme shi.

Wannan ya kawo maganar ita uwar. Fuskar da Tronick ya sa a sandare da gangan, ciwon damuwa yakan sandarar da ita ba da son mai ita ba. Mace takan shiga wannan hali bayan haihuwa, ta rasa barci da sha'awar abinci, ta riƙa kuka ba dalili, ta ji ba ta da kuzarin ko kallon jaririnta, mutane kuma su ce miskilanci ne ko iska. Ciwo ne, kuma yana jin magani. A karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zama da irin waɗannan mata suna saurarensu suna ba su shawara, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa yawan masu fama da ciwon ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu wannan zama ba. Macen da ake yi wa tsawa, ko aka bar ta da tunanin abin da za a ɗora a murhu, ba ta da sauran fara'ar da za ta ba goyonta, don haka kyautata wa mai jego yana daga cikin hakkin jaririn kansa.

Magidanta kuma ba su da mafaka a cewa raino aikin mata ne. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yakan kuma taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin mahaifiyarsa, kuma ya nuna rashin jin daɗinsa ga mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Uban da ya dawo daga gona ko kasuwa ya karɓi ɗansa na ɗan lokaci kafin magariba, ya bar shi ya ja masa gemu, ya amsa masa gwarancinsa, ya ƙara mutum ɗaya a cikin masu amsa wa yaron, ya kuma ba uwar damar ta numfasa.

Hukuma ma tana da nata kaso, kuma ba mai tsada ba ne. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin kula da ƙananan yara wanda ya jera kulawa mai amsawa da damar koyo tun da wuri a sahu ɗaya da lafiya da abinci da kariya. Mata sun riga suna taruwa ranar awo da ranar rigakafi, a Babban Asibitin Gwarzo da ƙananan asibitocin mazaɓu, suna zaune a benci da goyonsu suna jiran layi. Ma'aikaciyar da ke bayanin shayar da nono zalla na wata 6 za ta iya ƙara minti biyar ta karɓi jariri ɗaya, ta nuna yadda ake kwaikwayon sautinsa a dakata, da yadda ludayi da murfin kwano da gwangwani mai tsakuwa da aka toshe da kyau ke zama kayan wasa. Ungozomomi da malaman Islamiyya na matan aure su ma hanya ce, domin maganarsu tana shiga inda takarda ba ta kaiwa.

Daga ƙarshe, masu sauraro, ga saƙo gare ku. Kakanni, ku gaya wa masu haihuwar fari cewa ba laifi su yi wa 'ya'yansu magana da wasa. Magidanta, ku duba gidajenku ku ga ko akwai babban da ke da lokacin jaririn, in babu ku nemo, ku kuma sa kanku a ciki. Iyaye mata, idan kun ga yaro ya kai wata 3 ba ya murmushi, ko wata 6 ba ya waiwayar sauti, ko wata 9 ba ya gwaranci, musamman wanda ya yi shawara yana jariri ko ya yi fama da sanƙarau ko ciwon kunne, kada ku jira ya yi wayo, ku kai shi asibiti a duba jinsa da girmansa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya.